Ku yi amfani da ƙasa ta gaske a gefen ƙaramin layin dogo

'Yan uwa masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, fenti ba ya kama launin ƙasa kamar ita kanta ƙasar. Ku ɗebo ta, ku shanya ta bushe ƙarau, sannan ku tankaɗe da rariya mai laushi. A sikelin HO, wato ɗaya daga cikin ma'aunan girman waɗannan ƙananan jirage, komai an rage shi sau 87, don haka tsakuwa mai girman ƙwayar gero sai ta fito kamar dutse.

Don Allah kada ku manta da maganadisu. Ku bi da shi kan ƙasar sau biyu ko uku, saboda akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, maganadisun da ke cikin injin jirgin yana jawo shi, injin ya lalace. Ni sai da na rasa inji ɗaya na gane.

Bayan kun barbaɗa ƙasar a gefen layin, ku fesa ruwa mai ɗigon sabulu, sannan ku ɗiɗɗiga farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa. Ku bar shi ya kwana.