Yadda Ɗalibin Shekarar Farko Zai Auna Zaure Ya Zana Shi

Daga cikin ayyukan da ake bai wa ɗalibin ilimin zayyanar gine-gine a shekararsa ta farko akwai auna ginin da yake tsaye, a dawo da shi kan takarda daidai da yadda yake. Ɗan Damagaram ba ya bukatar tafiya nesa domin wannan aiki, tunda unguwannin Birni da Zango cike suke da zaurukan ƙasa masu zanko da ado a fuska. Shawarata ita ce ya zaɓi zaure guda ɗaya madaidaici, ya ƙyale fadar Sarkin Damagaram tukuna, domin girmanta zai cinye masa lokaci bai gama komai ba.

Kayan aikin ba su da yawa: fensir 2H (mai tauri) da HB (matsakaici) da 2B (mai laushi da baƙi), magogi, ma'aunin mita, zare, allon ɗora takarda, takardar A3, da siririn tiyo mai nuna ruwan da ke cikinsa. Mutum uku suka fi dacewa, biyu na riƙe ma'auni, ɗaya na rubutawa.

Kafin a taɓa bango sai an yi sallama an gaida maigida, an ce, "Baba, mu ɗalibai ne, muna neman izinin auna zaurenka saboda karatu." Namiji baƙo iyakarsa zaure, amma ɗaliba tana iya shiga cikin gida ta auno bayan bangon, abin da ke sauƙaƙa aikin ƙwarai.

A fara da zanen hannu ba tare da rula ba, babba yadda zai ɗauki lambobi. Sannan a zo ga wurin da yawancin ɗalibai suke faɗuwa. Ginin tubali ba ya miƙewa sambal, kusurwoyinsa ba su cika daidaita ba, gindin bango kuma ya fi samansa kauri. Wanda ya auna tsawo da faɗi kawai, ya koma ɗakin zane ya ja layi huɗu da rula, akwati ya zana, ba zauren Baba ba. Saboda haka dole ne a auna daga kowace kusurwa zuwa wadda take can ƙetarenta, domin hakan yana raba ɗakin zuwa siffofi masu gefe uku, kuma da tsawon gefe uku ake tsayar da siffa ba tare da zato ba. A kan kowane bango kuma a kafa bakin ma'auni wuri ɗaya, a riƙa karanta ƙofa da taga da alkuki a jere daga nan, don kada ƙananan kurakurai su taru su zama babba. Daɓen zaure shi ma ba a amince masa, sai a cika tiyo da ruwa, tunda ruwan kan tsaya a tsayi ɗaya a bakunansa biyu, a fitar da layi ɗaya mai tsayin kamar mita 1 a kewayen ɗakin, a yi duk awo daga gare shi, sama ko ƙasa. Kaurin bango a bakin ƙofa ake samunsa.

A kan tebur a yi amfani da ma'aunin 1:50, wato kowace mita ta zama santimita 2. Zane uku ake bukata: shimfiɗar ɗakin kamar an yanke shi an leƙa daga sama, yankan tsaye mai nuna bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi) da azara da kaurin rufi, sai fuskar ginin. Abin da aka yanka a ja shi da layi mai kauri, abin da ido ya hango da siriri, bakan da ke bisa kai kuma da layi mai tsinkewa. A sa kibiyar arewa da surar mutum a tsaye kusa da ƙofa.

Adon fuska ya fi son haƙuri. A zana shi da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugunsa a karkace inuwa ta fito da tudu da kwarinsa. Idan lokacin hunturu ne a sa wata takarda ƙarƙashin hannu, saboda ƙura da baƙin 2B suna saurin ɓata aiki. In an dace da tsohon magini a unguwar, a tambaye shi sunan kowane sashe, a rubuta shi da Hausa a gefen zanen, kuma ranar da aka kammala a kai wa maigida kwafi ɗaya.