Yadda za ka zauna a Dakata ko Birget in daga ƙauye ka taho

Kaka ta wuce, an ɗaure gero an kai rumbu, yanzu duk samarin garinmu nan gefen Ringim maganarsu ɗaya ce, Kano. Kowa ka tambaya sai ya ce aikin kamfani za shi nema. To ƙannena ku tsaya ku ji, Kanon da su Baffa suke ba mu labari, wadda mutum zai sauka a Yankaba da safe kafin azahar an rubuta sunansa a masaƙa a Bompai, wannan Kanon ta tafi. Tun daga tsarin SAP, wato tsarin gyaran tattalin arziki da gwamnati ta kawo a 1986, abubuwa suka fara lalacewa, ga rashin wuta, ga atamfar China da ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, da yawa yanzu sito ne ake jibge kaya. Amma mutanen da kamfanonin suka tara ba su tafi ba, 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a Dakata, Gama, Birget, Tudun Murtala, Sauna, Rimin Kebe, kuma kullum ƙaruwa ake. Ƙaramar hukumar Nasarawa kaɗai, inda yawancin unguwannin nan suke, a ƙidayar 2006 mutum kusan dubu 600 aka samu, ka lissafa yau.

Ɗaki shi ne farkon magana kuma a nan ake cutar baƙo. Kai da rani za ka je, lungu a bushe, komai tsaf, dillali yana ta zuba maka surutu. Kar ka kalli fenti. Sunkuya ka kalli gindin katanga daga waje, in ka ga layi baƙi ko siminti ya ɓarɓashe daidai gwiwa to nan ruwan Agusta yake tsayawa, in kuma an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu uku har sai ka tsallaka ka faɗa ɗakin kamar rami, ba ado ba ne, ambaliya ce ta koya musu. Bi kwatar lungun da ido ka ga inda take zuwa, in ta tsaya cak cike da ledar fiya wata to sauron unguwar duk a nan ake haifarsa. Sannan ka ce a nuna maka banɗaki, kar ka ji kunya. Ɗaki nawa ne a gidan, banɗaki nawa, wa yake biya in shadda ta cika a zo kwashewa, kuma taku nawa ne tsakaninta da rijiya. Akwai gidajen da rijiya da shadda katanga ɗaya ce ta raba su, wallahi ko kyauta aka ba ka ɗaki a irin gidan nan kar ka sha ruwan rijiyar.

Kuɗin haya na shekara ake biya, dillali kuma yana da la'adarsa daban. Kar ka miƙa ko sisi sai ka ga mai gidan da idonka ko wakilinsa da 'yan gidan suka sani, a rubuta takarda, a sa shaida. Tun a ranar ka tambayi kuɗin wuta yadda ake raba shi, wasu gidajen da ɗaki ake ƙirgawa wasu da kayan wuta, kar ya zama kai mai ƙwan fitila ɗaya da cajar waya kana biya daidai da mai firiza.

Ruwa kuwa ka sa shi cikin lissafin abinci, don a yawancin lungunan nan famfo sai dai labari. 'Yan garuwa ne da kura, jarka mai lita 25, farashinta kuma yana hawa duk lokacin da babu wuta ko mai ya yi tsada saboda masu burtsatse da janareta suke ja. Ka kama mai ruwa ɗaya ka zama kwastomansa, ka san daga inda yake ɗebowa, ranar da ruwa ya yi wuya kai zai fara saukewa. Na sha ka tafasa. Rafin da ka gani yana bi ta bayan Bompai, Getsi, ruwan kamfanoni da na kwatoci ne yake ɗauke da shi har ya haɗu da Jakara, ba irin ruwan Hadeja da muka saba yin wanka ba ne, ko wanki ban ce ka yi a ciki ba. In amai da gudawa ya kama wani a ɗakinku, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dinga ba shi ana tafiya asibiti, kar a tsaya wajen mai kemis ana gwada allura. Gidan sauro ka taho da naka daga gida. Da hunturu kuma dan Allah kar ku kunna gawayi ku rufe ƙofa da taga ku kwanta, hayaƙin da ba ka gani shi yake kashe mutane cikin barci.

Yanzu abin da samari suka fi rainawa, gaisuwa. Satin farko ka sa wanda ya sauke ka ya kai ka wurin mai unguwa, ka durƙusa ka ce ranka ya daɗe ni ɗan wane ne daga gari kaza, a gidan wane nake, sana'ata kaza. Ka riƙe masallaci ɗaya liman ya san fuskarka. Tsohuwar da take tuya ƙosai a bakin lungu ka dinga cewa Iya ina kwana, mai shayi ma haka. Ba don neman suna ba. Ranar da aka yi sata a layin baƙo ake fara kallo, ranar da 'yan sintiri suka tare ka da dare abin da za su tambaya shi ne wa ya san ka. Kuɗin sintiri in an zo karɓa ka ba da naka ba musu.

'Yan daba akwai su, ba zan ɓoye muku ba, da faɗan unguwa da ƙwacen waya. Kar ka yi tafiya kana latsa waya bayan magariba, in aka zaro maka ɗanbida ka miƙa kawai, ana sayen wata. Majalisar da ka ga ana miƙa kwalba ko ƙwaya hannu da hannu ka yi sallama ka wuce, kar ka zauna ko don cajin waya. Lokacin siyasa za a zo da kuɗi a ce ku shiga mota a je taro, wannan kuɗin ka bar musu. Ka kuma san acaɓa an hana ta ɗaukar fasinja a cikin Kano tun 2013, duk wanda ya ce maka taho da mashin ɗinka za ka samu kuɗi bai san garin ba, adaidaita sahu ce, ita ma sai da wanda zai tsaya maka kafin a ba ka ita a kan balas, wato kuɗin da za ka dinga kai wa mai ita.

Aikin kamfanin da ya rage, na roba da leda da shinkafa da alewa, yawanci na wucin gadi ne, tsayuwa doguwa wani lokacin kwana, kuma ranar da ba ka je ba babu ko kwabo. In ka samu ka riƙe amma ka tambayi yadda ake biya kafin ka fara, kullum ne ko sati ko wata. Ni dai da za a bi ta tawa, dako a Yankaba ko Singa ko Dawanau da safe, da yamma ka je ka tsuguna wurin mai walda ko mai gyaran adaidaita ka koyi abu, ya fi. Adashe kar ka shiga sai wanda 'yan garinmu suke ciki, abin da ka tara ka tura gida ta POS a sai maka akuya ko taki tun yana da sauƙi.

Kuma kar ka ɗauko iyali a zuwan farko. Ka bar ta wurin su Inna har ka ga damina ɗaya a ɗakin nan tukunna, ka san ko yana yoyo, ka san halin matan gidan da za ta yi layin banɗaki da su. Gero da wake da kuka da daddawa direbobin layin Ringim suna kawowa har Yankaba, ka karɓi lambar ɗaya tun ranar da za ka tafi.