Yadda za ka gane "barker" a tsofaffin takardun Sikotilan

In kana bin tsofaffin takardun garuruwan Sikotilan ka ga an rubuta "barker" a gaban sunan mutum, kar ka ɗauka mai haushi ne irin na kare. Majemi ne kawai.

Fara da asalin kalmar, shi zai buɗe maka komai. "Bark" ɓawon itace ne, su kuma da ɓawon itacen oak suke jima, a daka shi a zuba cikin rami da ruwa, a jiƙa fatar shanu a ciki a barta tana shan ruwan ɓawon nan wata da watanni, mai kauri ma sai ta haura shekara kafin ta zama ƙirgin da za a yanka takalmi da shi. To mai wannan aikin shi ne barker, fatar da aka jeme kuma su ce "barkit".

Sai rubutu. A wancan zamanin babu wata tsayayyar ƙa'ida, kowane magatakarda yadda ya ga dama yake rubutawa, don haka in ka nemi barker ba ka samu ba gwada "barkar", shi ne ma irin rubutunsu na da. In takardar da Latin take, "tannator" za ka gani. Ƙamus ɗin tsohon harshen Scots na mutanen Sikotilan, wanda ya tattara kalmominsu har zuwa shekarar 1700, yana intanet kyauta, kuma misalansa suna ɗauke da shekarunsu.

Kar ka cakuɗa shi da maƙwabtansa a sana'a. "Skinner" mai harkar fatun tumaki da makamantansu ne, ƙungiyarsu ta Edinbara ta samu takardar izini a 1474. "Cordiner" da "souter" masu ɗinkin takalmi ne, kodayake wasunsu da kansu suke jeme fatar da za su yi aiki da ita, nan ne abin yake ɗan rikicewa.

In sunan dangi ne kuwa ka bi a hankali, don a Ingila wani Barker ɗin daga tsohuwar kalmar Faransanci ta makiyayin tumaki ya fito, ba ruwansa da jima.

Af, in ka ji ɗan Sikotilan na yanzu ya ce yaro ya yi "barkit", ba jeme shi aka yi ba, dauɗa ce ta bushe masa a jiki.