Kafin ka zuba kuɗin riɗinka a kamfanin haƙar tama: kurakuran da aka fi yi

Da zarar kaka ta yi an sai da riɗi da zoɓo, kuɗi ya ɗan zauna a hannu, sai masu kawo shawara su yi yawa. Yanzu abin da ake yayi a majalisun mu na yankin Gumel da Maigatari har Kazaure shi ne hannun jarin ƙananan kamfanonin haƙar tama, irin waɗanda ko tan ɗaya ba su fitar ba tukuna. Wasu yaransu na birni ne ke saya musu ta waya a kasuwar waje, wasu kuma wani ne zai zo da hoton jan dutse ya ce a kawo kuɗi a shiga tun da wuri. Ban ce duk ƙarya ba ce fa, amma lissafin da nake ji ana yi yana ban tsoro.

Na farko da kowa ke faɗawa, mutum ya ji kamfani yana da tan miliyan 500 a ƙasa, ya ji tan ɗaya dala 100, sai ya buga a waya ya ga dala biliyan 50 ya ce shike nan an warke. Malam wannan farashin da kake ji na tamar da ke da ƙarfe kashi 61 zuwa 62 cikin ɗari ne, kuma wadda an riga an kai ta bakin tashar jirgin ruwa a Chana, ba wadda ke kwance ƙarƙashin gonar wani ba. Sai ka cire kuɗin haƙa, da na niƙa da wankewa, da dako, da haraji, da ruwan bashin banki, abin da ya rage shi ne na kamfani, kuma sau da yawa ba ya ragewa. Tamar Itakpe ta jihar Kogi ƙarfen cikinta bai wuce wajen kashi 36 ba, ke nan sai an niƙe kusan tan biyu kafin a sami tan ɗaya mai shiga kasuwa, aikin da ke shan wuta da ruwa ba kaɗan ba, kun dai san yadda wuta take a ƙasar nan. Ta Agbaja kuma yawa gare ta amma sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, shi kuma yana sa ƙarfe ya riƙa karyewa, masu saye sai sun rage farashi. Don haka kar ka tsaya a tan nawa ne, tambayi kashi nawa ne ƙarfen, me kuma ya gauraya da shi.

Amma inda aka fi yin asara, wanda kusan ba mai tambaya, shi ne ta ina za a fitar da ita. Tama ba zinare ba ce da za ka saka a aljihun riga ka hau mota. Kamar yashi take, duk wanda ya taɓa gini ya san yashin a rafi kusan kyauta ne, tifa kake biya, in rafin ya yi nisa kuɗin tifa ya ninka na yashin. Babban jirgin ruwan da ke ɗaukar tama yana cin wajen tan dubu 180, tirela kuwa ka ce tan 30, to ka raba ka gani, tirela dubu shida kafin jirgi ɗaya ya cika, ga Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu, ga tsadar gas, ga shingaye da masu karɓar na goro, ga hanyar da tirelolin da kansu za su farfasa kafin shekara. Shi ya sa duk inda harkar nan ta yi nasara za ka tarar layin dogo ne ya ɗauke ta. Muritaniya tun 1963 jirginsu ke ratsa hamada kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, tsawon jirgi ɗaya ya haura kilomita biyu. Simandou ta ƙasar Gini, tama mai kyan gaske ta wajen kashi 65, babban kamfanin haƙar ma'adinai Rio Tinto ya sami izinin bincike tun 1997 amma ba a fara fitarwa ba sai ƙarshen 2025, bayan an shimfiɗa layi sama da kilomita 600 an gina sabuwar tashar jirgin ruwa. Wannan fa manyan duniya ne da kuɗin Chana a bayansu. Wani ƙaramin kamfanin Ostareliya mai suna Sundance ya yi shekaru yana cewa zai gina layi mai kilomita wajen 500 daga Mbalam zuwa gaɓar teku a Kamaru, bai gina ba, a 2020 Kwango Brazzaville ta ƙwace masa lasisin ɓangaren tamar da ke cikin ƙasarta, masu hannun jari suka tashi a tutar babu.

Mu ma nan gida muna da darasi, layin Itakpe zuwa Warri an fara shi 1987, sai 2020 Buhari ya buɗe shi, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta kuwa da aka fara tun 1979 har yau ba ta kankama ba. In wani ya ce maka ai ga layin Kano zuwa Maraɗi nan ana yi ta Kazaure da Daura har da reshe zuwa Dutse, ka ce masa Alhaji wannan arewa ya nufa, teku tana kudu, kuma sabon layin ma tsakanin Ibadan da Abuja ba a haɗa ba. Layi a taswira ba layi ba ne. Abin tambaya shi ne na wa ne layin, an sa hannu kamfanin zai yi amfani da shi, tan nawa zai iya ja a shekara, wa zai biya kuɗin gina shi. In babu layi, to akwai mai saye kusa da ramin? Kamar yadda aka yi a Gujeni ta ƙaramar hukumar Kagarko a Kaduna, inda aka kafa masana'antar sarrafa tama a gefen inda ake haƙa, wannan lissafin ya fi shiga kai.

Sai maganar takarda. Lasisin bincike daban, na haƙa daban, dokar ma'adinai ta 2007 ta raba su, na bincike shekara uku ne ana sabuntawa, ba ya ba ka damar kafa ma'adana ka yi ta sayarwa. Kuma duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, yardar dagaci ko hakimi kaɗai ba ta isa. Haka adadin tan ɗin ma hawa-hawa ne, a ƙa'idar JORC, wato ƙa'idar da kamfanonin haƙa ke bi wajen bayyana yawan ma'adinin da ke ƙasa, akwai wanda hasashe ne daga 'yan ramuka kaɗan, akwai wanda aka auna sosai, sannan akwai wanda aka tabbatar za a haƙa a ci riba. Masu talla na hasashen suke faɗa don ya fi girma, banki kuwa na ƙarshen yake kallo.

Wani kuskuren, ɗaukar farashin yau kamar na har abada. A Disambar 2015 tan ɗaya ya faɗo ƙasa da dala 40, a Mayun 2021 ya haura 230, kuma Chana ce ke sayen wajen kashi 70 na tamar da ke bin teku, in gine-gine suka tsaya can kowa sai ya ji a jikinsa. Manya irin su Vale da BHP suna jurewa don haƙarsu da araha, ƙanana ne ke mutuwa, a Saliyo London Mining ya durƙushe a 2014, African Minerals ya bi shi a 2015, faɗuwar farashi ta haɗu musu da Ebola. Ka sake lissafin da dala 60, in kamfanin bai tsaya da ƙafarsa ba ka san inda ka dosa.

Masu cewa ai hannun jari ɗaya naira 20 ne, araha, su ma su ji. Ka ninka da yawan hannayen da aka fitar ne za ka san kuɗin da aka yi wa kamfanin. Kuma kamfanin da ba ya sai da komai, albashi da haƙar gwaji daga ina? Sabbin hannaye yake bugawa ya sayar, kana da ɗaya cikin dubu yau, a ninka yawansu ka koma ɗaya cikin dubu biyu ba tare da an taɓa aljihunka ba. Duba nawa ke asusunsa, nawa yake kashewa duk wata uku, nawa ginin ma'adanar zai ci.

Wanda kuma ya zo har ƙofar gida yana alkawarin riba duk wata daga ramin da ba a fara haƙa ba, ka nemi lambar lasisinsa a duba a ofishin rajistar ma'adinai na Abuja, ka kuma sa a bincika ko hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta san da shi, in ya fara cewa sauri ake za a rufe gobe, ka bar shi ya rufe, kuɗin takin baɗi dai kar ya shiga ciki.