Daga rubuta manhaja zuwa buga littattafai a bulokcen: inda 'yan'uwanmu na Saudiyya ke tuntuɓe

Injiniyan manhaja da ya daɗe yana karɓar albashi a Riyad ko Jidda, in ya fara tunanin tsayawa da ƙafarsa, sau da yawa littattafan Hausa ne ke faɗo masa a rai. Ya ga yadda marubuciya ke raba dare tana buga labari a waya, ta sayar wa 'yan guruf ɗinta na WhatsApp, kafin gari ya waye an yi ta tura shi kyauta har ya iso wayoyin matan Shara Mansur a Makka. Sai ya ce ai bulokcen, wato kundin ajiyar bayanai da ke rarrabe a kwamfutoci da yawa, shi ne maganin wannan. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi cin dukiya.

Bulokcen ba ya hana satar littafi. Abin da ya iya shi ne ajiye shaidar cewa rubutu kaza yana hannun wance a rana kaza, ba mai komawa ya sauya, sai kuma raba kuɗin ciniki tsakanin marubuciya da mai tacewa da mai zanen bango ba tare da an yi wa kowa magiya ba. Amma da zarar shafi ya fito a fuskar waya, hotonsa kawai za a ɗauka a tura. Abin da ke rage sata shi ne a sayar babi-babi da kuɗi kaɗan, biya ya fi neman na sata sauƙi, a kuma dasa wata lamba ta mai saye a kowane shafi yadda in ya fita za a san ƙofar da ya bi.

Sai batun ƙirƙirar sulallan kirifto (kuɗin intanet) na kamfani, wai da su za a riƙa biyan marubuta. Waɗanda suka fi mu jari sun gwada. Civil, da aka kafa a Amurka don 'yan jarida, ya nemi aƙalla dala miliyan 8 a sayar da sulallansa a 2018, bai samu ba, a 2020 ya rufe. Steemit, dandalin rubutu da ya fara a 2016, ya tara masu rubutu don farautar lada, kuma da attajirin kirifto Justin Sun ya saye kamfanin a 2020 jama'ar suka ɓalle suka kafa nasu dandalin, Hive. LBRY kuwa, dandalin wallafa bidiyo da fayiloli, hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ce ta kai shi kotu kan sulallansa ta yi nasara a 2022. A nan Saudiyya, tun 2018 wani kwamitin gwamnati da babban banki ke ciki ya yi gargaɗin cewa ba a amince da waɗannan kuɗaɗe ba. Karɓi riyal ta mada (katin bankunan Saudiyya) ko Apple Pay, ka karɓi naira ta banki daga masu karatu na gida.

Ka kuma tuna wace ce mai karatun. Hajiya ce da ta gama aikin gida ta jingina da filo tana son ta ga yadda aka kwashe da amarya da uwargida. Ka ce mata ta buɗe walat, wato asusun ajiye kirifto, ta rubuta kalmomin sirri 12 a takarda ta ɓoye, ta sayi kirifto don biyan kuɗin gas (kuɗin da bulokcen ke caza kan kowace hulɗa), wallahi kafin ka kai ƙarshe ta koma guruf. Lambar wayarta ta isa. Bulokcen ya zauna a ƙasa kamar bututun ruwa, kada ta ma san da shi.

Wani kuskuren na masana ne zalla: zuba littafin kacokan a inda ba ya goguwa. Arweave, wani rumbun ajiya na bulokcen, an gina shi ne don a biya sau ɗaya abu ya dawwama, kuma injiniya na jin haka sai ya yi murna. To, in marubuciya ta kawo aya ko hadisi ba daidai ba tana son gyarawa fa? In labarin ya taɓa mutuncin wani gida? Dokar laifukan intanet ta 2007 tana hukunta ɓata suna, dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023 kuma ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. Sa tambarin lissafin fayil ɗin kaɗai a bulokcen, wato gajeriyar lambar da ke shaida fayil ɗin, rubutun ya zauna inda kake iya cire shi. In IPFS ka zaɓa, wato tsarin ajiye fayil a kwamfutocin mutane daban-daban, ka sani fayil na iya ɓacewa ranar da babu kwamfutar da ke riƙe da shi.

Mallakar NFT, wato shaidar mallakar abu da ake rubutawa a bulokcen, ba mallakar haƙƙi ba ce. A 2021 wata ƙungiya, Spice DAO, ta biya kusan dala miliyan 3 a gwanjon Christie's kan kwafin wani littafi, tana shelar za ta yi fim, alhali takarda kawai ta saya. Rubuta yarjejeniya da kowace marubuciya, kaso nawa, shekara nawa, wa ke da haƙƙin sauti da na fim. Hukumar SAIP ce ke kula da haƙƙin mallaka a nan.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo. Ɗan ƙasa zai ciro sijilli, wato rajistar kasuwanci, ya ci gaba. Mai iƙama kuwa zamansa na rataye da aikinsa, sai wani ya ce masa, “Ɗan'uwa, buɗe da sunana kawai, mu raba.” Wannan shi ne tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan wani, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ga kora. Hanyar ita ce ta Ma'aikatar Zuba Jari. Kafin nan karanta kwantiraginka da kyau, domin manhajar da ka rubuta da kwamfutar ofis kamfani na iya cewa tasa ce, kuma kada ka ajiye aiki sai ka ga mutanen da ba danginka ba suna biya wata bayan wata.

Tun ranar farko ka tsara abin da zai faru in ka rufe. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Najeriya, ta rufe a ƙarshen 2023. Ba mai saye damar sauke abin da ya biya, ka kuma rubuta cewa haƙƙi na komawa hannun marubuciya ranar da manhajar ta daina aiki.