Yadda ɗan ƙwallo mai allurar insulin zai tsare sugansa daga fili har gado

Nacho Fernández yana da shekara 12 aka gano yana da ciwon suga nau'i na ɗaya, aka ce masa ya haƙura da ƙwallo. A 2024 shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Real Madrid kofin zakarun Turai a Wembley. Don haka wasa zai yiwu. Samarin da na gani suna shan wahala, yawancinsu ba a cikin fili ake kayar da su ba, a gado ne cikin dare. Zan zo kan wannan, amma mu bi abin daki-daki.

Da farko ka gwada suganka sau biyu kafin wasa: saura rabin awa, sannan daf da shiga. Gwaji ɗaya yana gaya maka inda kake ne kawai, na biyun shi ke nuna maka inda ka dosa. Mai 130 da ya gangaro daga 190 ba ɗaya yake da mai 130 da ya taso daga 100 ba. Ana son ka shiga tsakanin 126 da 180 mg/dL, wato 7 zuwa 10 ga mai na'urar mmol/L. In kana ƙasa da 90, sha giram 10 zuwa 20 na sukari, ka jira ya hau. In ka haura 270 ba tare da dalili ba, gwada kiton, wato sinadarin da ke taruwa idan insulin bai isa jiki ba, a jini ko fitsari. Idan kiton ya yi yawa, ranar babu wasa, ko da wasan ƙarshe ne, domin gudu zai ƙara shi. Na san tsinken gwaji da tsada. Ka rage a wani wuri, amma ban da ranar wasa.

Abincin da za ka ci awa biyu ko uku kafin wasa, insulin ɗinsa ana rage shi, daga kashi 25 har 75 cikin ɗari gwargwadon tsawon wasan da nauyinsa. Nawa ne naka, wannan kai da likitanka za ku yanke, da littafin da kake rubuta sakamako a ciki. Kuma a fatar ciki za ka yi allurar, kada ka yi a cinya. Cinyar da ke gudu tana jan insulin da sauri, zafin rana yana ƙara masa gaggawa.

Cikin wasa, kowace awa tana cin giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci. Gwada a hutun rabin lokaci. Da ka ji hannu na rawa, gumi mai sanyi, ko ƙwallo ta zama biyu a idonka, fita nan take. Ƙasa da 70 suga ya faɗi: giram 15, wato cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ka jira minti 15, ka sake gwadawa. Ni dabino uku nake ajiyewa a bakin fili. Cakulan da gyaɗa ba su da amfani a nan, mansu yana jinkirta shigar sukarin. Koci da aboki ɗaya su san kana da ciwon suga, su kuma san ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki, asibiti ake kai shi.

Yanzu ga wurin da ya kusa kashe ni. Ranar gasa, fargaba da gudun tsiya suna sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, hanta ta zubo sukari cikin jini. Sai ka fito daga fili ka ga 250. Wata la'asar na ga irin wannan lamba, na tsorata, na yi cikakkiyar allurar gyara, wato insulin na saukar da sugan da ya hau, na ci tuwo kaɗan saboda gajiya, na kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare ƙanena ya ji numfashina ya sauya, ya tarar da ni jiƙe sharkaf, ban san inda nake ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tsokar da ta yi aiki tana ci gaba da zuƙar sukari daga jini don ta mayar da ajiyarta, har tsawon yini guda, kuma faɗuwar ta fi zuwa awa 6 zuwa 15 bayan wasa. In wasan la'asar ne, tsakar dare ke nan. Hawan bayan wasa kuwa yakan sauko da kansa.

Tun daga ranar ga dokokina. Bayan wasa na sha ruwa, na yi tafiya a hankali minti 15, sannan na sake gwadawa. In dole sai an gyara, rabin abin da na saba nake yi. Abincin dare cikakke, ko babu marmari. Insulin mai dogon aiki na daren, likita ya rage min kusan kashi 20. Kafin kwanciya na gwada, in na ga ƙasa da 130 sai na ci burodi da madara ko nono. Na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyu da rabi, na'ura da sukari a gefen matashin kai, kuma ba na kwana ni kaɗai a ɗaki a irin wannan daren. Mai hali ya sayi na'urar da ake mannawa a damtse irin FreeStyle Libre, tana kwana 14, sai dai tana makara da 'yan mintuna lokacin gudu, don haka in jikinka ya saɓa da ita, soki yatsa.

In suga ya faɗi da kai har sai da wani ya taimake ka, kada ka yi atisaye cikin awa 24. Kada ka bar insulin a jaka cikin rana ko a but ɗin mashin. In babu wuta, gefen randa mai sanyi ya fi. Duba ƙafafunka bayan cire takalmi. Wanda kuma zai shiga gasar da ake gwajin ƙwayoyi, insulin yana cikin jerin abubuwan da hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta hana, sai ka nemi takardar izinin magani tun kafin a fara gasar.