Auna hawan jini a ƙauye da tura sakamako ga likita ta waya

Idan mutum ya ci goro ko ya sha taba, a jira minti 30 kafin a auna shi. Ya zauna ya jingina, ƙafafu a ƙasa, ya huta minti 5.

A naɗe hannun riga, a ɗaura madaurin na'urar a damtse, yatsa biyu sama da gwiwar hannu, hannun bisa tebur daidai ƙirji. Ƙaramin madauri a damtse mai kauri yakan ɗaga lambar fiye da gaskiya. Ban da hira.

A auna sau biyu, tazarar minti ɗaya. A ɗauki hoton lambobin, a tura wa likita a Kaduna ko Zariya ta WhatsApp, haɗe da shekarun mutumin da magungunan da yake sha. In intanet ya ƙi, saƙon tes ya wadatar.

Mai ciki da awonta ya kai 160/110 kuwa (lambar sama 160 ko ta ƙasa 110), asibiti kai tsaye, kada a jira amsa.